Tambayi Kawu: Gidaje 140 a Bayan Ƙauyenmu, In Sa Hannu ko In Ƙi?

Tambaya

Assalamu alaikum Kawu. Ina gajiya, ya sanyi, ya iyali? Ni Bazazzagiya ce, ma'aikaciyar jinya, shekarata huɗu ke nan a Ingila. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Hertfordshire, arewa da Landan. Ni da maigidana da yaranmu biyu muna haya a wani ɗan ƙauye, gida mai ɗaki biyu, kuma hayar tana cinye fiye da rabin albashina. Bayan layinmu akwai wata makekiyar gonar sha'ir da turba ta ratsa ta tsakiya. Nan muke zuwa shan iska in rana ta leƙo, a nan ma ƙaramin ya fara ganin zomon daji.

Makon jiya aka wayi gari an ɗaure wata takarda a jikin turken fitila, wai wani kamfani yana neman izinin gina gidaje 140 a gonar. Ƙauyen ya hargitse. Kowace taga da allonta, wai a ceci "girin bel" ɗinsu, wato filayen da aka hana gini a kai. Sun yi taro a zauren ƙauye, ban samu zuwa ba saboda aikin dare.

Damuwata ita ce maƙwabciyata. Tsohuwa ce Baturiya mai shekara 78, a ƙauyen aka haife ta. Ita ce ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa da muka tare, ita ke zama da yarana in aikina ya haɗu da na maigida, har azumi take tambayata ya nake ji. Jiya ta kawo min takardar koke in sa hannu. Na ce mata zan duba. Amma Kawu, an ce rabin gidajen masu rahusa ne. Uku cikin abokan aikina daga garin Luton suke zuwa, bas biyu suke hawa, saboda ba su da halin zama kusa. Ni kaina kullum cikin fargabar ƙarin haya nake. In na sa hannu na cuci kaina da irina, in na ƙi na ci amanar maƙwabtaka. Sannan ni baƙuwa ce, ina ma da bakin magana a lamarin? Ba zai shafi bizata ba?

'Yarka, daga Hertfordshire

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Sanyi alhamdu lillahi, gwiwoyi ne dai suke ta ƙorafi.

Bari in fara sauke miki ƙaramin kayan. Maganar biza ki cire ta daga ranki. Duk wanda ya ga dama yana iya rubuta wa ƙaramar hukuma ra'ayinsa a kan neman izinin gini, ɗan ƙasa ne ko baƙo, mai gida ne ko ɗan haya, kuma ofishin tsara gari ba ruwansa da takardun zaman kowa. Abin da kawai za ki sani shi ne yawancin ƙananan hukumomi kan wallafa wasiƙun a intanet da sunan mai su, don haka abin da kika rubuta maƙwabta za su iya gani. Har ma fiye da haka: tun da Nijeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, kuma zamanki bisa ƙa'ida ne, kina da damar yin rajistar zaɓe ki zaɓi kansilan da za su yanke irin wannan hukunci. 'Yan'uwanmu na Gana da Kamaru ma haka, na Nijar ne ba su da wannan damar. In ba ki yi rajista ba, ki yi.

To sai babban kayan. Abin da suke kira "girin bel", ni koriyar ɗamara nake ce masa, don ma'anarsa ke nan. Da na fara aiki a ofishin tsara gari na wata ƙaramar hukuma a can kudancin Ingila, na ɗauka huruminmu ne sak, irin filin da ake keɓewa a bayan gari a bar wa dabbobi da maƙabarta da masallacin Idi, wanda ko ɗan sarki ba ya kafa garma a ciki. Sai da na daɗe kafin na gane ba haka ba ne. Hurumi na jama'a ne. Koriyar ɗamara kuwa gonakin mutane ce, kowace da mai ita, ga filayen wasan golf, ga wuraren kiwon dawaki, ga ramukan ɗibar tsakuwa, har da tsofaffin gidajen mai da suka mutu. Kusan kashi biyu cikin uku noma ake yi a kai. Gonar sha'ir ɗin nan da kuke shan iska a ciki, turbar ce kaɗai doka ta ba ki ikon takawa, in kika saki turba kin shiga gonar wani. Abin da ɗamarar ta hana shi ne gini, shi ke nan. Kuma ba don kyan wurin aka shata ta ba. An shata ta ne don ta ɗaure cikin birni kada ya yi ta tumbatsa har ya haɗiye garuruwan da ke kewaye da shi. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsoron tumbatsar Landan tsoho ne. Tun 1580 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta hana sabon gini cikin mil uku daga ƙofofin birnin, mutane suka yi kunnen uwar shegu. A 1938 aka yi dokar sayen filaye a kewayen Landan a bar su haka, a 1944 masanin tsara birane Patrick Abercrombie ya zana ɗamarar a taswirarsa ta babban birnin, amma dokar da ta ba abin haƙora ita ce ta 1947. Daga wannan shekarar mallakar fili ta daina nufin ikon gini a kai, sai da izinin hukuma. A 1955 minista Duncan Sandys ya ce sauran birane ma su yi tasu ɗamarar. Yau akwai guda 14 a Ingila, a kewayen su Bamingam, Manchesta, Okusfod, Kambirij, Bristol da sauransu, jimlarsu kimanin hekta miliyan 1.6, wato kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙasar. Ta Landan kaɗai ta ninka birnin kansa wajen sau uku.

Abin ya yi aikinsa, ba na musu. In kin hau jirgin ƙasa daga Landan, minti 25 sai ki ga gini ya yanke kamar an sa wuƙa, sai tumaki. Amma kuɗin wannan kyan wa ke biya? Ke da abokan aikinki na Luton. A 1997 farashin matsakaicin gida a Ingila ya kai albashin shekara uku da rabi na matsakaicin ma'aikaci, yanzu ya kai wajen na shekara takwas, a yankinku kuwa ya zarce haka nesa. Iyalai kusan miliyan 1.3 suna layin jiran gidan gwamnati. Ba ɗamarar kaɗai ce ta jawo wannan ba, amma wanda ya ce miki ba ta da hannu, yana da gidansa tuntuni.

Yanzu ga abin da nake zaton ba a faɗa a taron zauren ƙauye ba, ko an faɗa ba a so ji ba. A Disamban 2024 gwamnatin Leba ta sake kundin ƙa'idojin tsara ƙasa, bayan ta yi alkawarin gidaje miliyan 1.5 kafin wa'adinta ya ƙare, ta kuma ɗora wa ƙananan hukumomi gidaje kusan 370,000 a shekara. A ciki ta ƙirƙiro wani sabon rukuni, ɗamara mai ruwan toka: filin da yake cikin koriyar ɗamara amma an taɓa gini a kai, ko kuma ba ya taka rawa mai ƙarfi wajen abubuwa uku, wato tare yaɗuwar babban gari, hana garuruwa biyu haɗewa, da kare kamannin tsohon gari mai tarihi. Sai a Fabrairun 2025 bayanin gwamnati ya fito ƙarara ya ce waɗannan ukun garuruwa suka shafa, ban da ƙauyuka. Ƙauye ba babban gari ba ne, haɗewar ƙauye da ƙauye ba ita ake nufi ba. Kin ga ke nan gonar sha'ir ɗinku, komai korenta, in ƙauye kawai take kewaye, tana iya zama mai ruwan toka a idon doka. Zan iya rantsuwa cewa in kin buɗe takardun kamfanin, wannan hujjar ce a shafin farko.

Ko kafin wannan sauyi ma ɗamarar ta fara sassautawa a yankinku. Gundumar St Albans fiye da kashi 80 cikin ɗari nata koriyar ɗamara ce, kuma ta shafe shekara 30 tana aiki da kundin tsarin gari na 1994. A ƙauyen Colney Heath wani kamfani ya nemi gina gidaje 100 a wata gona da ta ratsa iyakar St Albans da Welwyn Hatfield. Bai samu izini daga ƙananan hukumomin ba, ya ɗaukaka ƙara, kuma a Yunin 2021 sufeton gwamnati ya ba shi gaskiya, da sharaɗin kashi 45 cikin ɗari su zama masu rahusa. Dalilin shi ne doka ta ce kowace hukuma ta nuna tana da filayen ginin da za su ishe ta shekara biyar, su biyun kuwa abin da ke hannunsu bai kai na shekara uku ba. Amma a farkon 2024, a wannan ƙauyen dai, aka ƙi wani neman na gidaje 150 saboda an ga ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa. Ƙauye ɗaya, hukunci biyu. Ba yawan alluna a taga ne ya bambanta su ba, yanayin kowane fili ne da hujjojin da aka kawo. Saboda haka abu na farko da za ki bincika a shafin ƙaramar hukumarku shi ne filayen shekara nawa take da su. In ƙasa da biyar ne, ƙauyenku yana faɗa ne da hannu ɗaya a ɗaure.

Sai takardar koken. Na buɗe irinsu ba adadi. A ofisoshi da yawa takarda mai sa hannun mutum 600 ana shigar da ita ne a matsayin wasiƙa ɗaya, a rubuta yawan sa hannun a gefe. Tana tsorata kansiloli, don ƙuri'u ne, amma jami'in da zai rubuta rahoto ba ƙidaya yake yi ba, hujja yake nema, kuma doka ta iyakance masa irin hujjar da zai saurara. Cunkoson hanya da haɗarinta, ambaliya, ƙarfin magudanar ƙazanta, gurbin makaranta da na asibiti, tare wa maƙwabci haske ko leƙa masa gida, namun dajin da doka ta kare irin su jemagu, waɗannan duk suna shiga. Amma "za a tare min kallon gona daga tagata", ko "darajar gidana za ta faɗi", ko "kamfanin nan 'yan haɗama ne", ko ɗaya ba ya shiga, ko da mutum dubu suka faɗa. Ina tuna wani neman izini da muka samu wasiƙu sama da 400 a kansa, kusan duk kwafin juna. A cikinsu akwai ɗaya da wani tsohon direban tarakta ya rubuta da hannu, ya haɗo hotuna huɗu na ruwa kwance a mashigar gonar, kowane da kwanan wata a baya. Gidajen an gina su. Amma saboda wasiƙar nan aka tilasta wa kamfanin ya sake tsarin magudanar ruwa gaba ɗaya, ya matsar da mashigar. Sauran wasiƙun ban tuna ko layi ɗaya daga cikinsu ba.

Kuma ko kansiloli sun ƙi don su faranta wa masu zaɓe, kamfanin yana da wata shida ya kai ƙara gaban hukumar sufetoci da ke Bristol. In sufeto ya ga ƙin ba shi da tushe, zai ba da izinin, yana ma iya cin hukumar kuɗin shari'a. In kuwa aka ba kamfanin izini, mutanen ƙauye ba su da ikon ɗaukaka ƙara, sai dai su je babbar kotu cikin mako shida su nuna an karya ƙa'ida wajen yanke hukuncin, abin da ke cin kuɗi masu kauri. Ma'aunin ba daidai yake ba, haka dai yake.

To amma kada ki ɗauka na koma ɗan koren kamfani. Maganar "rabin gidajen masu rahusa ne" tana buƙatar tankaɗe. Gaskiya ne sabbin ƙa'idojin sun ce duk babban ginin da za a yi a koriyar ɗamara sai ya ƙara maki 15 a kan kason gidaje masu rahusa da hukumar yankin ta saba nema, har zuwa kashi 50, ya kuma zo da kayan more rayuwa da filin shan iska na kowa da kowa. Sai dai rahusa a bakin dokar Ingila ba rahusar kasuwar Sabon Gari ba ce. Akwai hayar da ake kira mai rahusa alhali tana iya kai kashi 80 cikin ɗari na hayar kasuwa. A Hertfordshire, kashi 80 na abin da ya fi ƙarfinki har yanzu ya fi ƙarfinki. Akwai wadda ake saya rabi a yi hayar rabi. Sannan akwai ta hayar jin ƙai, wadda kan kama kusan rabin ta kasuwa, ita ce ta talaka ta gaskiya, kuma ita ce kamfanoni suka fi ƙin ginawa. In an ce gidaje 70, tambayar ita ce nawa ne a kowane rukuni.

Akwai kuma magana mai ɗaci da gara ki ji ta daga bakina. In bizarki irin ta ma'aikatan lafiya ce, mai yiwuwa an buga mata sharaɗin hana cin tallafin gwamnati, kuma gidan da ƙaramar hukuma ke rabawa daga layin jira yana cikin abin da aka hana. Ke nan ko an gina gobe, ba lallai ki samu makulli ba sai kin sami takardar zaman dindindin. Kada ki yi faɗa da maƙwabciyarki a kan gidan da ba naki ba tukuna. Ki goyi bayan ginin in kin ga daidai ne, amma da ido buɗe.

Kamfanin kuwa ba don Allah yake yi ba. Hekta ɗaya ta gona a Ingila ba ta wuce fam dubu ashirin da 'yan kai ba. Ranar da izinin gini ya sauka a kanta, a kudu maso gabashin Ingila, tana iya ninkawa sau ɗari. Daga wannan garaɓasar ake yanko abin da ƙauye zai samu, ta hanyar yarjejeniyar da kowa a can ke kira sashe na 106, daga dokar 1990: kuɗin ƙarin ajujuwa, faɗaɗa asibitin unguwa, tallafa wa bas, gyaran mahaɗar hanya. Inda hukuma ke karɓar harajin sabon gini, majalisar ƙauye tana da kashi 15 nasa, ya zama 25 in ƙauyen yana da nasa kundin tsari. Abin da na gani da idona sau da yawa shi ne ƙauye ya ƙarar da ƙarfinsa kaf a kan "ba ma so", ya sha kaye a gaban sufeto, ya waiwayo ya tarar an gama rubuta yarjejeniyar ba wanda ya tsaya masa. Sun rasa gonar, sun rasa bas ɗin.

Shawarata ke nan, 'yata. Kada ki sa hannu a kan abin da zuciyarki ba ta yarda da shi ba, ko don kunya. Ki rubuta taki wasiƙar, kuma ki hanzarta, kwana 21 ake bayarwa, ranar rufewa tana jikin takardar turken fitila tare da lambar fayil. Kina da wani ilimi da yawancin masu allunan nan ba su da shi, don su da motocinsu. Ɗaya daga sharuɗɗan ba da fili mai ruwan toka shi ne wurin ya zama inda mutum zai iya rayuwa ba sai da mota ba. Wa ya fi mai aikin dare sanin ƙarfe nawa bas na farko ke zuwa, ƙarfe nawa na ƙarshe ke tashi, da ko akwai shi ranar Lahadi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki rubuta lokutan. Ki rubuta kwana nawa kike jira kafin ki ga likita. In turbar nan tana cika da ruwa a watan Janairu, ki ɗauki hoto. Ki faɗi cewa masu wanke tsofaffin ƙauyen nan da ba su magani daga Luton suke zuwa da bas biyu. Sannan ki ce ba ki ƙi gidaje ba, amma kina neman a rubuta adadin na hayar jin ƙai a cikin yarjejeniya, a fifita masu aiki a yankin wajen rabo, a biya kuɗin bas na safe da na dare, a bar turbar a buɗe da fili a gefenta. Shafi ɗaya ya isa. In lamarin ya je gaban kwamitin kansiloli, yawanci ana ba mai magana minti uku, in kin samu hutu ki je.

Game da tsohuwa kuwa, kada ki bari ta ga wasiƙarki a intanet kafin ta ji daga bakinki. Ki dafa wani abu ki kai mata, ki zauna. Turawa suna da wani sunan ba'a da suke liƙa wa irinta, mai nufin "a yi, amma ba a bayan gidana ba". Ni ba na son sunan. Matar da ta shekara 78 tana kallon gona ɗaya, wataƙila a turbar nan mijinta ya fara yi mata magana, ba son kai ne kaɗai ke damunta ba. Mu ma in aka ce za a rushe zauren kakanmu a yi shaguna, ba lissafin haya za mu fara yi ba. Kuma suna da hujja ta gaske a gefensu: ƙungiyar kare karkarar Ingila, wadda aka kafa tun 1926, ta daɗe tana nuna cewa kangwaye da tsofaffin filayen masana'antu na cikin gari za su ɗauki gidaje sama da miliyan ɗaya, kuma kamfanoni sun fi son gona ne don ta fi arhar gini. Ki amsa mata wannan. Sannan ki gaya mata nawa kike biyan haya. Ina kyautata zaton ba ta sani ba. Ki tambaye ta ina 'ya'yanta da jikokinta suke zaune, da abin da ya hana su zama a ƙauyen. Ki ce mata a kan ambaliya da hanya da turba kuna tare, har ki roƙe ta ta taya ki da abin da ta sani, don ita ta san inda ruwa ke kwanciya tun kafin a haife ki. Tana iya jin haushi na kwana biyu. Matar da ke tambayarki ya azumi ba za ta yar da ke a kan sa hannu ɗaya ba. Ki gaishe min da maigida da yara.

Tambaya

Kawu barka da aiki. Na ji a rediyo ana ta rigima a Ingila kan filayen da aka hana gini a kewayen birane. Me zai hana a yi mana irin wannan a Kano? Gonakin da na sani a yarinta a hanyar Zariya da ta Gwarzo duk sun zama fulotai.

Ɗanka, daga Kano

Amsa

Ɗana, ai mun riga su. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, ta haɗa da fegi da gonaki masu faɗi a ciki, don gari ya ci da kansa in an yi masa ƙawanya. Ga hurumi a bayan kowane gari, ga burtali, ga kududdufai da ke shanye ruwan damina. Turawan mulki ma sun kawo tasu, amma da wata niyya: dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Gwamna Lugga ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro. Ɗamara ce ita ma, ta wariya.

Abin da ya bambanta mu da su ba rashin doka ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ikon da ko firaministan Birtaniya ba shi da irinsa. Bambancin shi ne a Ingila takarda ake ɗaurewa a turke, a jira kwana 21, kowa ya ga taswira, hukunci ya fito a rubuce da dalilansa. A wajenmu sai ka ga tifa tana juye ƙasa a kududdufi, ka tambaya a ce an riga an sayar. Ni da za a tambaye ni, ba zan ce a zana wa Kano ɗamara irin ta Landan ba, garin da ke ƙaruwa haka ba ya ɗauruwa, talaka ne zai sha matsin. Zan ce a fara da ƙanana: sauran kududdufan, fadamu, filayen makarantu, maƙabartu, a shata su a taswirar da kowa zai iya gani.

Tambaya

Kawu, wani abokin kasuwancina ya turo min talla ta WhatsApp. Ana sayar da fulotai a wata gona kusa da Landan, fam 12,000 kowanne. Sun ce yanzu an hana gini a wurin, amma tun da gwamnati ta sassauta doka, nan da shekara biyu za a ba da izini kuɗin ya ninka sau goma. Har da taswira mai lambobi. Ya ka gani?

Alhaji, daga Maraɗi

Amsa

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ka riƙe kuɗinka. Wannan sana'a tsohuwa ce, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta daɗe tana gargaɗi a kanta, kuma an fi farautar mutanen ƙetare da ita don ba za su je su gani ba. Mutum ya sayi gona a farashin gona, ya zana mata layuka a kwamfuta, ya sayar da kowane yanki a farashin da ya ninka abin da ya biya sau da yawa. Filin yana iya kasancewa na gaske, har a ba ka takardar mallaka ta gaske. Izinin ne ba zai zo ba.

Ka duba amsar da na ba 'yarmu ta Hertfordshire. Kamfanin da ke neman gidaje 140 sai ya kashe dubban ɗaruruwan fam a kan injiniyoyin hanya da na ruwa da masu ƙidayar jemagu da lauyoyi, ya yi shekaru yana bi, kuma yana iya faɗuwa. Gonar da aka yanka wa mutum 80 da ke warwatse daga Maraɗi zuwa Dubai, wa zai haɗa kansu su nemi izini, wa zai ba da yankinsa a yi titi? Magina na gaske gudun irin wannan fili suke yi. Kuma da mai tallar ya yarda kuɗin zai ninka sau goma nan da shekara biyu, da bai neme ka a WhatsApp ba, da ya riƙe abinsa.

In abokin naka ya matsa, ka ce ya kawo lambar rajistar filin da sunan ƙaramar hukumar da yake ciki. Da 'yan fam kaɗan ake ciro takardar mallakar daga ofishin rajistar filaye ta intanet, galibi har da farashin da aka saye shi na ƙarshe. Ka turo min lambar, zan duba maka.